Sankarar Kai da Wuya: Bayani ga Hakimai da Malaman Ofis na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

An shirya wannan bayani domin Hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa, da na Babura da ke maƙwabtaka da su. Maganar da ke ciki ta shafi wata cuta da mutane su kan ɓoye har ta gagari magani, watau ciwon daji, wanda a ke kira sankara ko kansa, musamman irin wanda ke kama kai da wuya. Kada a haɗa sankara da sanƙarau, gama sunayen ne kaɗai suka yi kama. Sanƙarau annoba ce ta lokacin zafi, mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Sankara kuwa ba a ɗaukarta ta wurin zama da mai ita, ko cin abinci tare da shi.

Wataƙila wani ya ce, me ya gama Hakimi da binciken likitoci? Amsa ita ce, ilmin da duniya ta samu game da wannan cuta an tattara shi ne daga labarin da ƙananan asibitoci na nesa suka aika, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi aikin matasa ne da ba su riga sun yi suna ba. Saboda haka ƙasar da ba ta aika da marasa lafiyarta da wuri, ba ta rubuta labarinsu daidai, ba ta kuma riƙe ƙananan likitocin da aka turo mata, ita ce za a bari a baya wajen magani.

1. ABIN DA A KE NUFI DA SANKARAR KAI DA WUYA

Jikin ɗan Adam an gina shi da waɗansu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Kowace ƙwaya tana da lokacin da ta ke rabuwa biyu, da lokacin da ta ke dainawa. Idan waɗansu suka ƙi dainawa, sai su taru su zama ƙari, su ci naman da ke kewaye da su, sa'an nan su bi jini ko hanyar kaluluwa su kafa reshe a wani wuri. Wannan ita ce sankara.

Likitoci sun haɗa wadda ke kama leɓe, da harshe, da dasashi, da ganɗa, da muƙamuƙi, da cikin hanci, da bayan hanci, da maƙogwaro, da wurin da murya ke fita, suka kira su da suna ɗaya, domin likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, da na haƙori da muƙamuƙi, su ne ke duba su tare. Ƙididdigar da aka yi ta shekarar 2020 ta nuna kusan mutum 900,000 ke kamuwa da irin wannan sankara a duniya kowace shekara, kimanin rabin wannan adadi kuma ke mutuwa. Manyan abubuwan da aka tabbatar suna jawo ta su ne taba, ko ta sha ko ta garin da a ke cusawa a baki, da giya, da waɗansu ƙwayoyin cuta da za a ambata nan gaba. A rahotannin asibitocin Nijeriya, wadda ke kama bayan hanci, da ta cikin hanci, da ta wurin murya, su ne a gaba, kuma yawancin masu ita sai cuta ta yi nisa su ke zuwa.

2. YARON KAMPALA DA TAKARDUN TAMBAYA

Cikin shekarar 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala ta ƙasar Yuganda, aka nuna wa wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Bai taɓa lura da irin wannan ba. Ba da daɗewa ba ya ga wani yaro da irin kumburin a garin Jinja. Sai ya koma ya bi tsofaffin takardun asibiti ɗaya bayan ɗaya, ya tarar ashe cutar ta daɗe tana kashe yara, ba wanda ya haɗa labarinsu wuri ɗaya. Cikin 1958 ya buga bayanin yara 38. Daga baya wani masanin awon nama, Gregory O'Conor, ya nuna cutar sankara ce ta irin naman kaluluwa. Har yau da sunan Burkitt a ke kiranta.

Burkitt ba shi da ɗakin bincike, ba shi da kuɗi, ido ɗaya ma gare shi tun yana yaro. Da taimakon fam 25 ya buga takardu masu hoton yaran da ke da kumburin, ya aika da su ta gidan waya zuwa asibitocin Gwamnati da na mishan ko'ina a Afirka. Tambayar da ke ciki gajeriya ce: ko ana ganin irin wannan a wurin, ko ba a gani. Kowace amsa ta zo, sai ya kafa allura a taswira. Sannu a hankali allurai suka nuna cutar ta ratsa tsakiyar Afirka daga yamma zuwa gabas kamar ɗamara. Abin lura a nan, amsar wanda ya ce ba ya gani ta yi amfani daidai da amsar wanda ya ce yana gani, gama da su biyu aka san iyakar cutar.

3. DOGUWAR TAFIYA, DA ABIN DA AKA GANI A KANO

Cikin watan Oktoba na 1961 Burkitt ya tashi da abokansa biyu, likitocin mishan, Ted Williams da Cliff Nelson, cikin wata tsohuwar mota. Suka yi mako 10 suna tafiya, suka ci kimanin mil 10,000 a gabashi da kudancin Afirka, suka ziyarci asibitoci fiye da 50. Duk inda suka sauka sai su nuna hotuna, su tambayi likitoci da malaman asibiti, su duba rajista. Suka gane cutar ba ta cika samuwa a kan tuddai masu sanyi ba, waɗanda tsawonsu ya wuce ƙafa 5,000.

Bayan wannan Burkitt ya zo Afirka ta Yamma. Ya tarar cutar ta yi yawa a kudancin Nijeriya inda ruwan sama ke da yawa, amma a wajen Kano, duk da yawan jama'a, ta yi ƙaranci. Da aka haɗa labarin sanyi da na fari, sai masana suka ce lalle akwai hannun wani ƙwaro mai son zafi da damshi. Daga baya aka tabbatar taswirar cutar ta yi daidai da taswirar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Watau labarin ƙasar Kano, wadda Kazaure da Babura ke cikin Lardinta a lokacin, yana cikin abin da ya buɗe wa duniya ido.

Amma akwai darasi na biyu. Bayan an kafa asibitocin koyarwa a Zariya da Kano, aka riƙa auna naman ƙari a nan gida, sai aka ga wannan cuta tana cikin na gaba-gaba a sankarar yara da a ke kawowa. Ko da ya ke ta fi yawa a wurare masu damshi, ba ta bar Arewa ba. Kuma inda akwai fadama, da madatsar ruwa irin ta Kazaure, da noman rani, sauro ba ya rasa wurin haihuwa. Rashin ganin cuta a rajista ba shi ne rashinta a ƙauye ba.

4. LANDAN DA IBADAN: AIKIN MATASA

Ran 22 ga Maris 1961 Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex a Landan. Cikin masu sauraro akwai wani likita mai binciken ƙwayoyin cuta, Anthony Epstein. Ya roƙi a riƙa aiko masa da ɗan naman ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. Aka yi fiye da shekara biyu ana aikowa, ba a ga kome ba. Cikin Disamba 1963 hazo ya hana jirgi sauka a Landan, aka juya shi Manchester, saƙo ya makara. Da ya iso, ruwan da naman ke ciki ya gurɓace, har aka zaci ya lalace. Da aka duba da madubin likita, sai ga ƙwayoyin ƙarin da ransu suna yawo a ciki. Wata ɗaliba 'yar ƙasar Ailan, Yvonne Barr, wadda ke neman digirinta na dakta, ita ta yi renon ƙwayoyin har suka yi yawa. Wani matashin likita ɗan tsibirin Tirinidad, Bert Achong, ya yi aikin madubi mai ƙarfin lantarki. Cikin Maris 1964 su uku suka sanar sun ga wata sabuwar ƙwayar cuta ta bairos. Ita ce ta farko da aka gano tana jawo sankara ga ɗan Adam, aka kuwa sa mata sunan malamin da na ɗalibarsa, Epstein-Barr.

A wannan lokaci Nijeriya ba ta zauna ba. A asibitin koyarwa na Ibadan, wanda aka buɗe cikin 1957, Farfesa Pulvertaft ya yi renon ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan shekara 11 cikin 1963. Waɗannan ƙwayoyi ba su mutu ba, har yanzu ɗakunan bincike na duniya suna aiki da su. Wani matashin likita, B. O. Osunkoya, ya duƙufa kan binciken ƙwayoyin wannan cuta a Ibadan, daga baya ya zama farfesa. Wani kuma, Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, likitan tiyata, ya riƙa gwada magani ga yaran.

Bincike bai tsaya ga yara ba. Daga 1966 zuwa 1970 masana a Amurka da Turai suka nuna wannan ƙwaya ta Epstein-Barr tana da hannu a sankarar bayan hanci, wadda ke kama manya. An kuma gane fiye da mutum 9 cikin 10 na manyan duniya suna ɗauke da ƙwayar, ba ta yi musu kome ba. Sai ta gamu da wani abu, kamar zazzaɓin cizon sauro mai yawan komowa ga yaro, sa'an nan ta kan yi ɓarna ga kaɗan daga cikinsu. Domin a tabbatar da wannan, daga 1972 aka ɗebi jinin yara kimanin 42,000 a arewa maso yammacin Yuganda, aka bi labarinsu shekara da shekaru. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai jama'a sun yarda, kuma an san gidan kowane yaro.

5. MAGANI

Sankarar Burkitt ta fi kowace sankara saurin girma. Ƙarin ya kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Wuƙar tiyata ba ta raba yaro da ita. Amma tun farkon shekarun 1960 Burkitt a Kampala, da Peter Clifford a Nairobi, da Ngu a Ibadan suka ga ƙarin yana narkewa da waɗansu magunguna, irin su metotireksat da saikulofosfamaid, wani lokaci cikin 'yan kwanaki. Suka riƙa musayar labari, abin da ya yi kyau a wuri ɗaya a gwada shi a wani. Cikin 1972 aka ba Burkitt da Ngu, tare da waɗansu, lambar girma ta Lasker a Amurka saboda aikin maganin sankara.

A ƙasashen da a ke kawo yara da wuri, a ke kuma gama magani, kimanin yara 9 cikin 10 su kan warke. A Afirka adadin ya yi ƙasa da haka ƙwarai, dalili kuwa sananne ne: makara wajen zuwa, da rashin kuɗin magani da na mota, da gudu daga asibiti da zarar kumburi ya saɓe. Iyaye su kan ga fuska ta koma daidai bayan allura ɗaya ko biyu, su ce an warke, su koma gona. Cutar kuwa sai ta komo da ƙarfin da ya fi na da.

Ta manya kuwa, a kan yi mata tiyata, ko gashi da na'ura, ko allura, ko a gama su. Sankarar wurin murya in an kama ta tana ƙarama, yawancin masu ita su kan warke da muryarsu. In ta yi nisa, sai an cire wurin muryar duka, a huda wuya domin numfashi.

6. AMFANIN RAJISTA

Cikin 1960 aka kafa rajistar sankara a Ibadan a ƙarƙashin Farfesa G. M. Edington, ita ce ta farko a Nijeriya. Cikin 2009 aka yi tsarin da ya haɗa rajistocin sankara na ƙasa. Da rajista a ke sanin irin sankarar da ta fi yawa a wuri, da ita kuma a ke shawarar inda za a kai likita, ko na'ura, ko magani.

Ƙasashen da aka yi wannan bayani dominsu suna da wata matsala tasu. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura. Roni da Gwiwa suna iyaka da Jihar Katsina. Babura tana kusa da iyakar ƙasar Nijar. Marar lafiya ya kan nufi Kano, wani Katsina, wani Dutse, wani Zariya. In aka tambaye shi garinsu, sau da yawa sai ya faɗi unguwar ɗan'uwan da ya sauka wurinsa a birni. Ta haka sai a rubuta shi mutumin birni, ƙauyensu kuwa ya fito fari fat a taswira, kamar ba mai ciwo a can. Wanda kuma ya mutu a gida, ba inda sunansa ya shiga.

7. TARBIYYAR ƘANANAN LIKITOCI

Ba a samun gwanin tiyatar kai da wuya dare ɗaya. Yaro ya kan yi shekara 6 a makarantar likita, shekara guda yana koyon aiki a babban asibiti, shekara guda ta bautar ƙasa, sa'an nan shekara 5 ko 6 yana koyon fanninsa a ƙarƙashin manya. A da sai an tafi Ingila. Cikin 1979 aka kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, ga kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta ƙungiya ce da aka fara cikin 1960. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen likita cikin 1967. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an kafa shi cikin 1988, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa kuma a Kaduna cikin 1999. Dokar horon ƙwararrun likitoci ta 2017 ta ɗora wa Gwamnati nauyin kuɗin wannan horo.

Wajen 2005 Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, a ƙarƙashin Farfesa Johan Fagan, ta fara karɓar ƙaramin likita daga wata ƙasar Afirka ya yi shekara guda yana koyon tiyatar kai da wuya, domin ya koma gida ya koyar. 'Yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka je. Cikin 2016 waɗanda suka sami irin wannan horo suka kafa Ƙungiyar Likitocin Kai da Wuya ta Afirka. Sun rubuta ƙa'idodin magani daidai da halin asibitin da ba shi da na'urar gashi ko manyan kayan hoto, suka sa su a intanet kyauta.

Amfanin renon matasa ya bayyana a Yuganda. Cikin 1967 aka buɗe wurin maganin wannan cuta a Kampala da taimakon Amurka. Da zaman ƙasar ya ɓaci a zamanin Idi Amin, baƙin likitoci suka tafi, sai wani matashi ɗan ƙasa da aka riga aka horar, Charles Olweny, ya riƙe wurin, bai bari an rufe ba. Da ba a yi renonsa tun da wuri ba, da aikin ya tafi tare da baƙi.

Wannan ya shafi Hakimai kai tsaye. Ƙaramin likita, ko malamar jinya, ko malamin asibiti da aka turo Gwiwa ko Roni, shi ne idon manyan likitocin Kano. Shi zai fara ganin kumburi, shi zai rubuta takardar tura marar lafiya. In ya rasa gidan zama, ya rasa ruwa, ana kuma ce masa yaro ne bai san kome ba, da ya cika wa'adinsa sai ya nemi birni ko ƙasar waje. Burkitt kansa a ƙaramin asibitin karkara ya fara aiki a Yuganda.

8. ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Ya kamata a karanta wa Dagatai da Masu Unguwanni waɗannan alamu, su kuma su faɗa wa talakawa:

(a) Yaro ya kumbura a muƙamuƙi ko gefen ido, kumburin yana ƙaruwa kullum, haƙoransa suna girgiza ba lokacin famfara ba. Wannan ba a kwana da shi.

(b) Miki a baki ko a harshe wanda ya wuce mako 3 bai warke ba.

(c) Dushewar murya wadda ta wuce mako 3.

(d) Ƙullutu mai tauri a wuya, ba ya zafi, ba ya saɓewa.

(e) Toshewar hanci gefe ɗaya, da haɓo ko majina mai jini, ko toshewar kunne ɗaya ga babba.

(f) Wahalar haɗiya tare da rama.

Ba kowane kumburi ne sankara ba. Akwai maƙoƙo, akwai hangum, akwai ƙurjin haƙori, akwai kaluluwar tarin fuka. Ido ba ya rarrabe su sarai, ko idon likita ne. Sai an yanki ɗan nama ƙanƙane, ko an zuƙo da allura, an auna. Mutane su kan ce daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya bazu. Awon da likita ke yi da tsabta ba shi ke yaɗa cuta ba. Jinkiri shi ke yaɗa ta.

9. ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI

Na ɗaya, hanzari. Wanda aka ga yana da ɗaya daga cikin alamun nan a kai shi asibiti mafi kusa, daga nan Babban Asibitin Kazaure ko na Babura, inda za a ba shi takarda zuwa Kano in da bukata. Sassan gashi da na'ura, irin na Shika kusa da Zariya da na Sakkwato, suna da nisa, saboda haka a tambayi likita inda na'ura ke aiki kafin a tashi.

Na biyu, wanzamai da masu magani. Su ne a kan fara kai wa kumburi. Ya kyautu Hakimi ya kira Sarkin Aska da mutanensa da girmamawa, ya bayyana musu irin kumburin da ba a yi wa sakiya, ba a tsaga, ba a yi wa ƙaho. Wanzamin da ya turo yaro asibiti da wuri a yaba masa a bainar jama'a.

Na uku, gudummawa. Abin da ya fi korar mutane daga magani shi ne kuɗin mota da guzurin mai jinya. Masu hali na gari, da ƙungiyoyin 'yan asalin gari da ke birane, suna iya ɗaukar wannan in Hakimi ya yi magana. A kuma taya mai jinya noma, kada tsoron asarar damina ya sa ya ɗauke yaro daga asibiti.

Na huɗu, baƙin ma'aikatan lafiya. A ba su masauki, a gabatar da su a fada, a sa su cikin shawara. A ƙarfafa yaran ƙasa, maza da mata, su bi karatun kimiyya, gama da ɗan gari a kan ci gari.

Na biyar, rigakafi. Gidan sauro, da maganin zazzaɓi da wuri, da barin taba.

10. ABIN DA A KE BUKATA GA MALAMAN OFIS

Malamin ofis ya ware littafi guda, ya riƙa rubuta wanda aka tura asibiti, da yardarsa ko ta iyayensa: suna, da shekaru, da namiji ko mace, da ƙauye da gunduma, da wurin da ciwon ya ke a jiki, da watan da aka fara ganinsa, da ranar da aka tura shi, da asibitin da aka nufa, da abin da ya biyo baya. Kada ya rubuta sunan cuta da ka, sai abin da likita ya rubuta. Ya gargaɗi marar lafiya ya faɗi ainihin ƙauyensu a asibiti, ya kuma adana katinsa da takardar awo. In wata ya wuce ba a tura kowa ba, a rubuta hakanan, gama wannan ma labari ne. Littafin amana ne. Ba a buɗe shi a zaure, ba a ba da labarinsa a kasuwa.

11. YARDAR JAMA'A

Jama'ar wannan yanki ba su manta da gwajin maganin da aka yi ga yara a Kano cikin 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da shari'ar da ta biyo baya. Tun 2007 akwai ƙa'idar ƙasa ta binciken lafiya. Duk mai binciken da ya zo, Hakimi yana da ikon ya nemi ganin takardar iznin kwamitin da ke duba irin wannan aiki. Tilas a yi wa mutane bayani da Hausa, a faɗi amfani, a faɗi haɗari. Yardar Hakimi ba ta tsaya a madadin yardar mai jiki ba, kuma wanda ya ƙi shiga ba a hana shi magani. Ya kamata kuma a nemi masu bincike su sa ma'aikatan lafiya na wurin cikin aikin, su kuma komo su faɗi abin da suka samu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitan da ya aika da takardu, da malamin asibitin da ya amsa, da ɗalibar da ta reni ƙwayoyi, da iyayen da suka yarda, kowa ya kama gefensa kafin a san maganin kumburin muƙamuƙi. Maganin yana nan yanzu. Abin da ya saura shi ne yaron da ke ƙauyen Roni ko Babura ya isa gare shi cikin makon da aka ga kumburin, ya zauna har a gama, a kuma rubuta sunan ƙauyensu daidai. Wannan gefen jinkar yana hannun Hakimai da malamansu.